Ɓargon Da'u Mai Sulhu

A Balan idan mutum biyu suka ci kwalar juna, ba a fara neman mai unguwa. Da'u ake aika wa. Ba malami ba ne, ba shi da sarauta, in kuwa don dukiya ce, gonarsa ta gero da ɗan fegin gyaɗa ba su isa a tashi a ba shi kujera ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga tafiyar ganin dama. Ko an ce masa an zare adda, sai ya ƙarasa alwalarsa, ya lalubi takalmi, ya taho yana gaisawa da kowa a hanya. In an yi masa ƙorafi ya ce, yo in ya isa tun ba su gaji da zage-zage ba, wa zai saurare shi?

Sulhunsa ba irin na kowa ba ne. Da ya iso sai ya kori masu rabon faɗa. Duk wanda ke riƙe da hannun wani sai ya saki, 'yan rakiya su koma gida, 'yan sintiri su nemi wata inuwar. Ya zaunar da mutum biyun a tabarma ɗaya, ya sa a kawo fura a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, sa'annan ya shiga tono. A wurinsa babu faɗan da ke tashi haka kawai. Akuyar da ta ci dawa ba ita ce maganar ba, akwai wata gaisuwa da ba a amsa ba tun shekarar da aka gina masallaci. Sai ya tono wannan, an faɗe ta da baki, an yafe, an sha furar nan, sa'annan ya ɗauki takalminsa ya tafi ya bar su su kaɗai, ko waiwaye ba ya yi.

"Muddin akwai mai riƙe da hannun wani, ba a shirya ba," in ji shi. "An dai raba faɗa."

Wannan ƙa'ida ta kashe rigingimu da yawa tsakanin Balan da Kademi, ta mayar da aure ba adadi. Ita ce kuma ta yi masa illar da ba ta gyaruwa.

Da'u yana da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Lurwanu, malamin firamare, mutum mai sanyin magana. Shekarun baya an taɓa yin saɓani tsakanin Lurwanu da maƙwabcinsu na gona, Bubayero, a kan wata ɗorawa da ta fito daidai layin gambar da ta raba gonakinsu. Kowa ya san gindinta a ɓangaren Lurwanu yake. Amma Da'u aka kira, shi kuwa ba zai yarda a ce ya yi son kai ba. Ya ce ƙanensa ya bar wa Bubayero itaciyar. Lurwanu ya sha fura, ya miƙa hannu. Da kaka ta wuce ya nemi a mayar da shi wata makaranta a Gafasa, ƙasar Ajingi, ya kwashe matarsa Wasila da yaransu suka koma can. Ba a yi faɗa ba, gaisuwar Sallah ba ta taɓa yankewa ba, maganar ma ba wanda ya sake tayar da ita.

Ciwon ya fara wa Lurwanu da gajiya. Daga nan zazzaɓi mai tafiya ya dawo, dasashi yana jini in ya yi asuwaki, ga wasu tabo a jiki kamar wanda aka doka. An sha maganin zazzaɓin sauro har an gaji, an sha na shawara, an sha rubutu. Daga asibitin Gaya aka tura su Kano, a can aka ce sankarar jini ce. Aka yi ta ɗura masa magani ta jijiya, gashi ya zube, cutar ta lafa, ta sake ɗago kai. Likitoci suka ce abin da ya rage shi ne dashen ɓargo: a kashe ɓargonsa da ke haifar da gurɓataccen jini, a kawo irin jini daga jikin ɗan'uwa a shuka masa. Aka gwada dangi. Na Da'u ne ya dace. Aka ce a Indiya za a yi aikin.

Yadda aka haɗa guzurin tafiya Indiya labari ne na daban, kuma ba mai daɗi ba. Da'u da ko Abuja bai taɓa zuwa ba, sai ga shi a jirgi da carbi a hannu da ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu. A can aka yi ta yi masa allurai har ƙasusuwansa suka riƙa ciwo kamar wanda ya wuni yana huɗa. Sa'annan aka kwantar da shi, aka jona hannuwansa biyu da wata na'ura, jininsa yana fita ta nan yana dawowa ta can, ita kuwa tana tsince abin da take so. Abin da aka tara a wata 'yar leda bai kai cikin moɗa ba. Shi aka ɗura wa Lurwanu, ya kama, cutar ta ɓace daga gwaji. Da suka dawo gida aka yi sadaka, Da'u ya riƙa tafiya a Balan ana nuna shi da baki.

Kulawa da Lurwanu ta koma hannun wata likitar jini a Kano, Dakta Khairiyya. Ita ta ɗora wa kanta aikin bin diddigin mutanen da aka yi wa irin wannan dashe a waje suka dawo, don ta gano abin da ke samun su a gida bayan an gama murna. Tana kiran su a waya tana yi musu tambayoyi marasa kan gado a ganin Da'u: ya fata, ya idanu, ya bayan gida. Ranar da Da'u da Lurwanu suka fara zuwa wurinta ba ta ɓoye musu ba. Ta ce a cikin waɗanda take bi akwai waɗanda suka koma sana'arsu garau. Akwai waɗanda cutar ta dawo musu. Akwai kuma waɗanda suka tsallake cutar, dashen da kansa ya kayar da su. Da'u ya ce Allah ya kiyaye, a ransa kuwa ya ce yarinyar nan ba ta iya fatan alheri ba.

Ana tsakiyar damina tafin hannun Lurwanu ya yi ja. Daga nan tafin ƙafa, bayan kunne, ƙirji, ga ƙaiƙayi mai hana zama. Bakinsa ya bushe, idanunsa suka bushe kamar an zuba musu yashi. Da'u ne ya raka shi Kano. Likita ta duba, ta jinjina kai.

"Abin da nake gudu ke nan," in ji ta. "Baba, sabon ɓargon bai san jikin da aka kai shi ba. Gani yake baƙi ne suka kewaye shi, shi ne ya kama su da faɗa."

"Nawa ɗin?" in ji Da'u.

"Naka ɗin."

"Da Lurwanu yake faɗa?"

"Ba laifinka ba ne, Baba, kar ka sa wa ranka komai. Yana yi wa mutane da yawa haka, ko 'yan'uwan da suka fi kowa dacewa. Zan ƙara masa ƙarfin magani. Maganin nan shi ke riƙe da ɓargon. Da sannu za mu riƙa ragewa, amma ni zan faɗi lokacin. Ko ya ga ya warke sarai, kada a daina."

Ba za a ce ba ta faɗa ba. Ta faɗa, ta maimaita, har Wasila ta kira a waya ta sake faɗa mata. Sai dai Da'u tun daga "naka ɗin" kunnuwansa suka tsaya. Haka suka kamo hanyar Wudil zuwa gida. Mutumin da ya shekara talatin yana kashe wutar mutane, yau an ce wani abu daga cikin ƙashinsa ne ke cin ƙanensa da rai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya kuma ba shi kunya.

Gwaggonsu Lami ce ta ƙarasa shi. Ta je dubiya Gafasa, ta ga fatar, ta dawo ta zauna a tsakar gidan Da'u tana gyaran zogale.

"Ni dai tun da nake ban taɓa jin jinin ɗan'uwa ya ƙi ɗan'uwa haka siddan ba," in ji ta, ba tare da ta dube shi ba. "Likita ta san magani, ba ta san gidan nan ba. A dai bincika zuciya."

Da ma binciken yake yi. Kuma ya san abin da zai tarar, don akwai wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ya hau babur ɗinsa ya nufi Gafasa. Ya ce wa Wasila ta kori yara, ta dama fura. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, likita ta hana shi ɗanyen nono, ta kuma hana shi shan abu da ludayin wani."

"To, a dama kunu, ya tafasa. Amma ludayi ɗaya."

Ta tashi ta ɗora tukunya. Wan miji ne, kuma da ɓargonsa mijin nata ke numfashi. Ta kawo kunun ta fita.

Wannan shi ne sulhu mafi wuya da Da'u ya taɓa yi, don shi ne mai sulhun, shi ne kuma abokin faɗan. Ya dubi ƙanensa, fuska ta kumbura da magani, wuya duk ya yi saɓa.

"Lurwanu, ɗorawar nan. Ta yi maka ciwo?"

Lurwanu ya ce, "Yaya, ba ɗorawar ba ce. Kalwa nawa zan ci? Ranar nan tun da ka zauna har ka tashi, ba ka dube ni ko sau ɗaya ba. Bubayero kake ta kallo. Na ji kamar ni ne bare."

"Na yi maka ba daidai ba. Sunana na saya da gonarka."

"Ya wuce, Yaya."

"Bai wuce ba, saura nawa." Da'u ya gyara zama. "Da ka tashi ka dawo garin nan, mutane sun yi ta cewa mai sulhu ya kasa riƙe ƙanensa. Na ƙullace ka ban faɗa ba. Ranar da aka jona ni da na'urar nan, ƙashina yana ciwo, ina kallon jinina yana tafiya a roba, sai na ji zuciyata ta ce, ka ga wanda ya gudu ya bar ka, yau ga shi kai ɗin dai ya nema. Na yi a'uziyya nan take. Amma ta riga ta faɗa, jinin kuma yana kan tafiya. Ina jin da wannan maganar ya shiga jikinka."

Lurwanu ya kama kuka. Kafaɗunsa suna girgiza, muryarsa tana fita, amma ko ɗigon hawaye babu, don idanun sun daina kawowa. Da'u bai taɓa ganin abin da ya tsorata shi kamar wannan busasshen kuka ba. Suka yafi juna, suka sha kunu da ludayi ɗaya.

Cikin ikon Allah fatar ta fara lafawa. Jan ya dushe, ƙaiƙayin ya ragu, saɓar ta kakkaɓe. A daidai wannan tsakanin ne ƙarin maganin likita ya fara aiki, amma wa ya tuna da shi? Gwaggo Lami ta ce ai da ma ta faɗa. Da'u ya samu barci.

Maganin kuwa bai bar Lurwanu ya huta ba. Fuska kamar an hura, hannu yana rawa har alli ya gagare shi riƙewa, sukari ya hau, ƙafafu ba ƙarfi. Ya gwada leƙawa makaranta, 'yan ajinsa suka tsaya suna kallonsa kamar baƙo. Da Da'u ya sake zuwa, sai ya nuna masa ƙwayoyin a tafin hannu.

"Yaya, tunda an shirya, wannan fa? Shi ke kashe ni yanzu."

Da'u bai ba shi amsa a ranar ba. Ba mutum ne mai gaggawa ba, kuma kada a ɗauka ya manta kashedin likita. Ya tafi da maganar gona, ya juya ta, ya auna ta da abin da ya sani. Likita da bakinta ta ce maganin riƙe ɓargon yake yi. To shi duk rayuwarsa bai taɓa ganin an shirya ba alhali ana riƙe da hannun wani. Riƙon ma shi ke sa mutum ya ƙara kumbura. An tono tushen, an faɗa, an yafe, ga shaida a fata. Me ya rage in ba a saki ba? Barin maganin nan a ganinsa tamkar cewa ne yafiyar da suka yi ba ta kai zuci ba.

Da ya koma ya ce, "Muddin ana riƙe da shi, ba za mu san ko ya haƙura ba. A sake shi."

Wasila tana bakin ƙofa. "Yaya, ko a kira likita tukuna a ji?"

"In an kira ta cewa za ta yi a ci gaba, aikinta ke nan, ban ga laifinta ba. Mai rabon faɗa ba ya taɓa cewa lokacin saki ya yi. A bari a gani, Wasila. In an ga wani abu ai ga maganin nan a ajiye."

Ta dubi mijinta. Shi kuwa wansa yake kallo, da irin kallon da yake yi masa tun suna yara in za su tsallake rafi. Ta tattara ƙwayoyin ta sa a ƙasan akwati.

Da'u ya yi yadda ya saba. Ya ɗauki takalminsa ya tafi, ya ƙudura ba zai leƙo ba sai abin ya zauna da gindinsa. Ga kaka ta kama, gero yana jiran girbi, gyaɗa tana jiran cira.

Labaran farko masu daɗi ne. Kumburin ya saɓe, rawar hannu ta tsaya, an ga Malam Lurwanu a masallacin Juma'a. Akwai kasala da jiri, amma aka ce jiki ne ke warwarewa. Da likita ta kira da tambayoyinta, Lurwanu ya karɓi wayar da kansa ya ce komai lafiya lau. Ranar zuwa asibiti ta zo, ya ce a bari a gama aikin gona. Da'u yana jin duk wannan daga bakin masu zuwa cin kasuwa, yana hamdala. Har ya fara tunanin yadda zai yi wa likitar bayani a hankali, ba tare da ya kunyata ta ba, ko wasu marasa lafiyan nata su amfana.

Yana ɗaurin damin gero da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Wasila ce. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Yaya, ka zo."

Tun daga zaure warin ya tare shi. Lurwanu yana kwance a kan leda, zawo yana zuba kamar an kwance famfo, kore, da jini-jini. Idanunsa sun yi rawaya fatau. Wasila ta ce da ta juya shi za ta gyara shimfiɗa, fatar bayansa ta biyo tafin hannunta. Ta ce tun da zawon ya fara ta ciro maganin ta ba shi, amma ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Ta faɗi wannan tana kallon bango, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Aka samo mota. Da'u ya rungume kan ƙanensa a cinya har Kano, a karon farko a rayuwarsa yana yi wa direba tsawa ya ƙara wuta.

Dakta Khairiyya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta tambayi yaushe aka daina, Wasila ta faɗa, nan take likitar ta shiga ba da umarni. Aka shige da Lurwanu wani ɗaki da ba a shiga sai da takunkumi. Da ta fito, Da'u ya tare ta a baranda, ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi wa sa'ar 'ya'yansa ba.

"Likita, ni na ce a daina. Na ɗauka mun shirya."

"Kun shirya da wa, Baba?"

Ya ba ta labarin a taƙaice, da ɗorawar, da na'urar, da kunun. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi murmushi ba.

"Baba, ɓargo ba ya jin magana. Bai san ka ƙullace shi ba, bai san ka yafe ba. Da ka ba shi kana kuka don so, haka zai yi. Yanzu ya kama hanji, ya kama hanta. Za mu ba shi mafi ƙarfin abin da muke da shi. A jikin wasu yana jin maganin idan ya kai nan, a jikin wasu ba ya ji. Ba zan yi maka alkawari ba."

"To a cire shi," in ji Da'u. Ya miƙa mata hannuwansa biyu, daidai inda aka taɓa soka allura. "A jona na'urar a tsince shi a mayar mini da abina. Ni ya sani, ba zai yi faɗa da ni ba."

"Ba ya ciruwa. Nasa an riga an kashe. Wanda ke cin sa ɗin nan, shi ne kaɗai ke yi masa jini."

Bayan azahar aka ce mutum ɗaya zai iya shiga na ɗan lokaci, kuma Lurwanu wansa ya nema. Aka sa wa Da'u takunkumi da safar hannu, aka ce kada ya taɓa shi. Ya tsaya a gefen gado, lafiyayye garau, ƙashinsa cike da ɓargon da bai taɓa yi masa ko ciwon kai ba. Robobi sun shiga ƙanensa ta ko'ina. Leɓɓansa sun tsattsage, sai da Da'u ya sunkuya sa'annan ya ji abin da yake faɗa.

"Yaya, tun a mota nake ta lissafi, ban gano ba." Rawayen idanun nan suna kan wansa, ba zargi a cikinsu ko kaɗan. "Kai ka fi ni iya tonowa. Ko akwai wani abin da muka manta ba mu yafe ba?"